Taurari A Gurbin Sunan Baba

Saura kaɗan ban rubuta muku wannan ba. Na fara na goge, na sake farawa na goge, sannan na cusa wayar ƙarƙashin filo kamar ita ta yi min laifi. Ya Sauda ce ta ce in ban rubuta ba ita za ta ba da labarin, kuma duk wanda ya san bakin Ya Sauda ya san gara in tona wa kaina asiri da hannuna. To ga ni. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa bayan na gama kuka.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Najiba. A Gomari nake zaune wurin Hajja, yayar mahaifiyata, tun shekarar da muka baro Konduga ba shiri ina aji huɗu na firamare. Nan bokona ya tsaya. Ina aiki a ofishin wata ƙungiya mai kai magani ƙauyuka: in share, in dafa shayi, in zaga da kaskon turaren wuta. Kun san yadda kwanon ɗaki yake rawa a unguwarmu idan jirgi ya tashi? Haka ƙirjina yake yi idan namiji ya kira sunana.

Namijin da ya fi kiran sunan shi ne Mikail, mai kula da kwamfutocin ofis. Dogo ne siriri mai gilashi, hularsa kullum a karkace saboda yawan sosa kai. Ya zo gida ya gaishe da Hajja da lemo da goro. Ya tambaye ni ko na amince ya turo manyansa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ni kuma duk lokacin da ya tambaya sai in gano cewa lallen babban yatsan ƙafata yana buƙatar a ƙura masa ido. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina sonsa kuwa, har cikin ƙashina. Bakin ne ya ƙi aiki.

"Ke 'yar nan," in ji Hajja, tana gyara lafayarta a kan tabarma, "ni ban ce dole ba. Amma ɗan mutane ba kayan wanki ba ne da za ki jiƙa ki manta a baho. Ki wanke ko ki zubar da ruwan."

"To, Hajja."

"To me?"

"To."

Ya Sauda, 'yar Hajja ta fari, ta ce daga bakin murhu: "Ki bar ta, Hajja. Ranar ɗaurin aure ma yatsan ƙafarta za a tambaya."

Da Mikail ya ga zance a ƙofar gida ba ya haifar da komai sai cizon sauro, sai ya canza dabara. Ya ce zai koya min kwamfuta. Idan na gama wanke kofuna sai in shiga ɗakinsa, ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyin esi kamar cikin firji, inda wani baƙin akwati mai tsayin mutum yake tsaye yana ƙifta fitilu. Su suna ce masa saba. Duk imel ɗin ofis ta cikinsa yake bi, kuma a cikinsa akwai kundin sunayen ma'aikata: wanda sunansa ba ya ciki, saƙo ba ya samunsa. Dokar ofis ta hana kowa taɓa wannan kundi sai Mikail. Amma ya ce rubuta suna shi ne ya fi sauƙin koyo, ya ja min kujera, ya bar ƙofa a buɗe don mutunci. Da yatsa ɗaya nake rubutu, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shi kuma yana gefe yana yaba ni kamar na tuƙa jirgi.

Makon da ya wuce aka buɗe ƙaramin ofis a Konduga, aka ɗauki sabbin ma'aikata. Muna cikin shigar da sunayensu sai Madam Dorothy, shugabar ofis, ta ƙwala masa kira, na'urar buga takarda ta cinye mata takarda.

"Ci gaba, saura kaɗan," ya ce da ni, ya fita.

Na rubuta Thomas. Na rubuta Khairunnisa, har ina jin kaina. Sai na zo kan na ƙarshe, sabon direban Konduga. Na duba sunan, yatsana ya tsaya a iska.

Mahaifin Mikail ne. Na san ya bar tuƙin babbar mota, na san ya nemi aikin, amma ban taɓa zaton sunansa zai zo gaban yatsana ba.

Ku 'yan zamani na san abin da za ku ce: ai rubutu ne ba faɗa ba. To ni a hannun Hajja na tashi. Hajja ce aka taɓa tambayar sunan surukinta a asibiti, ta fita har bakin titi ta nemo maƙwabciya ta zo ta faɗa a madadinta, alhali bawan Allahn ya daɗe da rasuwa. A gidanmu mace ba ta kama sunan uban miji, ko da wasa, ko da raɗa. Kuma kafin ku tambaya, a nan ma ba zan rubuta shi ba.

Na ce bari in bar wurin fayau. Gurbin sunan ya yi ja, ya ƙi wucewa. Na leƙa ƙofa, babu Mikail. Sai wata dabara ta zo min, irin dabarun da suke zo wa mutum ranar da aka rubuta zai ji kunya. Na danne maɓallin nan na gefe da ya nuna min, na shiga layin sama inda alamomi suke. Na sa tauraro. Ya yi kyau. Na sa sanda mai karkata, na sake tauraro, na sa 'yan ƙugiyoyin nan biyu, na rufe da waƙafi da wani tauraron. Wallahi sai da na ja baya na kalle shi, ya fito kamar zanen lalle a bayan hannu. Na ce ai dattijo ya cancanci ado. Na danna, ya karɓa.

Niyyata idan ya dawo in nuna masa da yatsa ya gyara. Ya dawo hannunsa duk baƙin tawada, ya zauna, ya cire gilashi, ya ce a hankali, "Najiba, kin yi tunani a kan maganarmu?"

Kun san sauran. Na tuna na bar ruwa a wuta, ruwan da ban ɗora ba.

Washegari ofis ya fara ɗaukar zafi. Mutanen Konduga suka bugo, babu wanda imel ɗinsa ya buɗe. Wata da aka ƙara wa girma ta ce har yanzu tsohon muƙaminta ake gani a Abuja. Wanda ya canza lambar sirri a nan, can ba a san da ita ba. Mikail ya daina fitowa cin abinci. Ya ɗora laifin a kan layin sadarwa, ya hau rufi ya sauko. Ya ɗora a kan janareta. Ya kashe akwatin ya kunna, ya kashe ya kunna. Ni kuwa ina zaga ofis da tire, ina tausaya masa da zuciya ɗaya, ko kusa ban kawo taurarina a rai ba. Me ya haɗa ado da lalacewar inji?

Abin da na zarga shi ne turarena. Ya taɓa hana ni shiga ɗakin da kasko, ni kuma ranar nan na ji ɗakin yana warin wayar wuta na ɗan kewaya shi da hayaƙin sandal. Da yamma na tura masa saƙo.

"Ya Mikail ina wuni. Dan Allah ko turarena ne ya shaƙe na'urar?"

Ya amsa da fuskar dariya mai hawaye. "Da turare ne da na gode Allah. Yau ne na fara dariya. Kin ci abinci?"

Na rubuta "E", na goge don kar ya ɗauka amsar ɗaya tambayar ce, na rubuta "Na ci."

Ranar Laraba na kai shayi ofishin Madam Dorothy, na tarar da shi tsaye gabanta hula a hannu. Madam mutuniyar Biu ce, mai kirki, 'yata take kirana, amma ranar ko kallon tiren ba ta yi ba.

"Mikail, ina da mota cike da magani a Konduga tana shan rana. Izinin tafiya daga Abuja yake zuwa, ta imel, da sunan direba. Babu sunan direba, babu izini. Akwai yara a ƙauyukan nan masu jira. Ka gane?"

"Na gane, Madam."

"Abuja sun ce in gobe da azahar bai gyaru ba za su turo mutuminsu. Kuma kai ka san kwantiraginka ƙarshen watan nan yake ƙarewa. In sun turo wani ya gyara, me zan rubuta musu a kanka? Ka taimake ni in taimake ka."

Na bi shi da shayinsa har ɗakin sanyi. Na sa masa citta da kanumfari da yawa. Idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa, wuyanta ya yi dauɗa. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba na ce, "Wai me ya sami na'urar?"

Ya yi murmushin gajiya. "Kin taɓa ganin ana duba kayan lefe?"

"Sosai."

"Mace ɗaya tana ɗagawa tana faɗa, ɗaya tana karɓa tana jerawa. To na'urar nan da 'yar uwarta ta Abuja haka suke yi da sunaye, dare da rana, don abin da ke nan ya zama shi ne a can. Yanzu ta nan ta ɗaga wani abu, ta Abuja ta ce ba ta san wannan ba, ba ta da inda za ta ajiye shi. Ta nan ta ƙi ajiyewa, ta can ta ƙi karɓa. Duk abin da ke bayansa ya tsaya a layi."

"Wane abu ne?"

"Da na sani ai da na yi barci. Wata doguwar lamba kawai take nuna min da jan rubutu. Ta ce akwai alamar da ba ta halatta ba. Na bi saituna ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda na sa wata alama ba."

"Alama kamar me?"

"Kamar tauraro, ko sanda, ko waƙafi a inda bai dace ba."

Jama'a, ɗakin nan sanyi ne da shi, amma zufa ta karyo min tun daga ƙeya har gadon baya.

"Ba ka duba... sunayen Konduga ba?"

"Naki? Ke da kike duba harafi sau uku kafin ki taɓa shi? Ai ko ni na fi ki kuskure." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya dafe kai. "Baba ne kuma. Ya ce gobe da safe zai shigo gari da kansa ya ga irin karatun da na yi."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma in na ce ni ce, zai ce me ya sa. In ya ce me ya sa, amsar guda ɗaya ce, kuma ita ce wadda na yi watanni ina ɓoyewa a ƙarƙashin yatsan ƙafa. Mace ba ta jin kunyar sunan uban wanda ba ta ɗauka miji ba. Na ɗauki tire na fita, har da shayin da bai sha ba.

A Keke na yi kuka tun daga bakin ofis har Gomari, na ja gyale na rufe fuska, mai Keken yana ta ce min sai haƙuri, Allah ya jiƙan wanda ya rasu.

Na tarar da Ya Sauda a tsakar gida bayan la'asar tana tankaɗen garin burabusko. Ta kalle ni sau ɗaya ta ajiye rariya.

"Wa ya mutu?"

Na ja ta ɗaki na faɗa mata komai. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Sai ta zube a kan katifa tana dukan filo.

"Wayyo cikina! Najiba! Mutum ya yi ta binki kin ƙi amsa masa da baki, kin je kin amsa wa Abuja!"

"Ya Sauda, aikinsa zai tafi."

"Har da ado! Kin yi wa surukinki lalle!"

"Dan Allah ki rage murya."

Ina! Hajja tana bakin ƙofa da carbi a hannu, ban san tun yaushe ba. Na so ƙasa ta tsage. Ta dube ni ta dube ni, na ga gefen bakinta yana motsi tana danne shi.

"Hannun ya ƙi rubutawa?"

Na gyaɗa kai.

"To alhamdulillahi, tarbiyya ba ta faɗi ƙasa ba. Ni na samu amsata." Sai fuskarta ta canza. "Amma ki saurare ni. Kunyar da za ta raba mutum da abincinsa, ta hana marasa lafiya magani, wannan ba kunya ba ce, son kai ne ya yafa gyale. Gobe ki je ki faɗa masa."

"Ko in tura masa saƙo?"

"Da saƙo kika ɓata?" in ji Ya Sauda tana share hawaye. "Ki tura, ya kira ki, ki ƙi ɗauka, ya zo ƙofar gida, ki shige banɗaki. Mun san fim ɗin."

Duk da haka na gwada. Na rubuta, "Ya Mikail ka duba sunan ƙarshe." Na kalle shi har hasken wayar ya mutu. Na tura. Alama ɗaya ta fito, ba ta zama biyu ba. Na kira, a kashe, ashe ya kashe ta ne don kiran Abuja da na Baba sun hana shi tunani. Kun ga ko wayar ma ta bi bayan Hajja.

Da safe na yi wanka na sa atamfata mai ruwan ganye, na cire, na sa mai ruwan ƙasa don kar a ce na yi kwalliya, na cire, na mayar da mai ruwan ganyen. Ya Sauda ta shafa min humrarta ta ɓoye a wuya ba tare da na roƙa ba, ta ce in zan mutu in mutu da ƙamshi. Na isa ofis kafin kowa sai mai gadi. Na dafa shayi don hannuna ya samu abin riƙewa.

Mikail yana zaune inda na bar shi jiya, ashe a nan ya kwana, hula a kan tebur, gilashi a goshi.

"Ya Mikail, ka buɗe sunayen Konduga."

"Najiba, ba yau ba, koyon ya jira..."

"Ka buɗe."

Ina jin bai taɓa jin na ba da umarni ba, don nan take ya buɗe. Na ce ya gangara ƙasa, can ƙasa, bayan duk masu haruffa. Ga shi nan shi kaɗai, da taurarinsa da sandarsa da ƙugiyoyinsa, yana ƙyalli kamar amarya a cikin 'yan rakiya. Na ɗora yatsa a kai na kau da fuska.

Ya sauke gilashi. Ya matsa kusa.

"Innalillahi. Wannan mene ne?"

"Na ƙarshe a takardar."

"Ke kika sa?"

"Ni ce."

"Najiba, kin san kwanan da na yi a kan kujerar nan? Kin san na hau rufin ofis ɗin nan da tsakar rana? Na zagi janareta, na zagi mutanen Abuja a zuciyata!" Bai taɓa ɗaga min murya ba, hawaye suka cika min ido. Ya gani, ya sassauta. "To shi ke nan, laifina ne da na bar ki ke kaɗai. Amma me ya sa? Waye na ƙarshen?" Ya jawo takardar daga aljihun tebur, ya bi da yatsa, ya tsaya. "Baba ne ai. Harafi huɗu kacal. Zo ki goge ki rubuta daidai, ki ga yadda ake gyarawa."

Ya turo min madannan kwamfutar. Na tura masa abinsa.

"Ba zan iya ba."

"Kamar yaya? Kin rubuta Thomas. Kin rubuta Khairunnisa mai tsawon titin Baga."

"Su ai ba kowa ba ne a wurina."

Na ji maganar ta fita kafin in kamo ta. Na duba yatsan ƙafata, tsohon abokina, amma yau bai cece ni ba.

"Shi fa?" ya ce, muryarsa ta koma ƙasa.

"Ni dai ba zan rubuta ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Ko faɗa ba zan yi ba, har in mutu."

Ban ga fuskarsa ba, amma na ji numfashin da ya sauke, irin na wanda ya ajiye buhu. Ya jawo madannan, ya goge min adona tauraro bayan tauraro, ya danna harafi huɗu. Muka zuba wa allon ido. Jan rubutun ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ɓace. Sunaye suka fara gudu kamar an buɗe famfo. Can cikin ofis na ji kwamfutar Madam Dorothy tana ta ƙararrawar shigowar saƙo, ɗaya kan ɗaya, sai muryarta daga baranda, ashe ta iso: "Yesu na gode! Mikail, imel ya taso!"

Ya juyo gare ni yana dariya, idonsa da ruwa. "Najiba, wato..."

Ban tsaya jin wato ba. Na suri tire na yi ƙofa da gudu, kaina a ƙasa. Abin da na fara gani takalmi ne, sau-ciki baƙi mai ƙurar hanya. Sai farar babbar riga. Sai shayin citta yana gangara a gabanta tun daga ƙirji.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba, gwiwa biyu, tire a ka kamar zai ɓoye ni.

"Wushe, wushe, sannu, 'yata, tashi, ba komai," in ji wata murya mai kauri, irin muryar Mikail idan ta tsufa. "Kai, wace ce wannan mai gaisuwa da shayi?"

Na ji takun Mikail ya tsaya a bayana. Na ji ya gyara murya.

"Baba," ya ce, "ita ce."